Neman injin ƙona daji a Tarai

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, ni da yayata da maƙwabcinmu mai mota. Mun shimfiɗa mata katifa a kujerar baya, domin zama ya daina yi mata daɗi. Wata huɗu ke nan da likita ya ce ciwon daji ne ya kama mata fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, kuma ya wuce aiki. Shi ne ya ambaci cewa a ƙasashen waje akwai injin da ke tattara wani sauti da kunne ba ya ji, ya auna ƙarin da shi, zafi ya ƙona shi ba tare da wuƙa ba. Ya ce yawanci raɗaɗi yake ragewa, kuma bai san inda ake yi a nan ba. Yaya ba ta ji ƙarshen maganar ba. Sai ga saƙon murya yana yawo a waya, wai injin ya sauka a wajen Tarai.

Daga Ƙarfi zuwa Bunkure shinkafa ta yi kore shar. Duk ramin da muka faɗa sai na ji ta ce "Ya Salam" a hankali. A Rano muka karya da ƙosai, ƙwaya uku a kuɗin da bara ake cika leda. Ita ƙamshin ma kawar da kai ta yi. Bayan Kibiya ruwa ya cinye hanya, sai da wasu Fulani suka taya mu turi, ɗayansu yana tsokanar direba wai motarsa ta fi saniya taurin kai.

Gidan da aka ce injin yake bai yi wuyar ganewa ba. Mutane sun fi hamsin a gindin darbejiya: mai shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon suga, wata tsohuwa da aka kawo a amalanke. Duk injin ɗaya suke jira. Da layi ya zo kanmu bayan azahar, na leƙa. Wani ɗan akwati ne da janareta ke ja, irin wanda aka taɓa gasa mini gwiwa da shi lokacin da na yi targaɗe. Wani mai farin gilashi ya shafa wa Yaya mai a ciki, ya goga minti goma, ya ce ta dawo sau bakwai. Ko takardun asibitin bai buɗe ba.

Na so in ɗaga murya. Na dubi tsohuwar amalanke, na haɗiye.

Sai da muka wuce Rano na ce, "Yaya, wannan ba shi ba ne."

Ta ce, "Na sani, ƙanina. Tun da na ga janareton na sani. Amma da ka bar ni na kai gida da sa raina."



Mun iso Kano ana kiran magariba, muka ciccibe ta zuwa ɗaki. Abin da na koyo shi ne, a ƙasar nan magani ba ya iso talaka, sunansa ne ke isowa, kuma akwai masu jiran sunan su sayar. Na kuma koyi cewa gaskiya ma tana da lokacinta. Ni ban iya jiran awa ɗaya ba.