Bindigar da Ɗan Sueo Ya Ƙi Karɓa

Tagawa Sueo mai aski ne a garinmu na Hirado. Benci ɗaya muka zauna a makarantar coci ta su Fada, shi a gefen taga saboda ya fi ni son kallon jiragen ruwa.

Da guminsa ya sayi tsohuwar bindiga mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Wani maƙerin garin Kochi ne ya sassaƙa mata agwagin ruwa suna tashi daga cikin ciyawa, kowane gashin fiffike a fili. Sueo bai taɓa harbin abu mai rai da ita ba. Ran Lahadi in an tashi coci sai mu wuce filin harbi. Ya yi kira, inji ya cilla faifan yumɓu, kafin ka kyafta ya harbe shi ya zama gari.

Da tsufa ya zo, kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. Doka kuwa ba ta san tsufa ba. Bindigar da ta shekara uku ba a harba ba, za a janye lasisinta. Ko dai ta koma hannun wani mai lasisi, ko a yanka ta. Ni na daɗe da mayar da nawa lasisin saboda ido. Ya yi wa samarin filin tayinta, suka ce, "Baba, ai wannan sai gidan tarihi." Ba wanda ya so.

Saura ɗansa Norio, ma'aikacin inshora. Ina zaune a shagon askin ranar da ya zo.

"Norio, ka nemi lasisi mana. Ko sau ɗaya a shekara ka harba ta, ya isa."

"Baba, ka san sai 'yan sanda sun bi maƙwabta gida gida suna tambaya ko ina shan giya, ko ina dukan matata. Me za a ce da ni a unguwa?"

"Za a ce ɗan Sueo ne."

"Ƙarfe ne fa, Baba."

Na ce, "Kai yaro, in ba ka dukan matar taka, me kake tsoro?"

Ya yi murmushin da yake yi wa masu sayen inshora. "Kawu, har yanzu ba ka daina barkwanci ba."

Ba barkwanci nake ba.

Sueo ya koma filin don ya gwada da kafaɗar hagu. Bakin bindigar ya riƙa rawa, har mai kula da filin ya tsayar da shi kafin ya taɓa kunama. Ina tsaye a bayansa da hannuwa biyu lafiyayyu, amma marar lasisi ba ya ko taɓa bindigar wani. Sueo ya juyo ya ce, "Kai makaho, ni gurgu. Da za a haɗa mu da an sami maharbi guda."

Norio ne ya kai mu ofishin 'yan sanda don a miƙa ta a yanka. Bai fito daga motar ba. Sueo ya shafa wa bindigar mai tun da daddare, kamar wadda za ta shiga gasa. Jami'in ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya ba da haƙuri. Shi ban ga laifinsa ba.

Sueo ya rasu da bazara. Yanzu Norio ya rataye hoton bindigar a falonsa, yana nuna wa baƙi agwagin, yana cewa irin wannan aikin hannu ya ƙare a ƙasar nan. In ya gaishe ni a ƙofar coci ba na amsawa. Fada ya yi mini magana a kai, na ce masa na ji.