Tsuwar da Lorna Ta Ce a Bari

Lorna Medeiros ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tun tana yarinya, ko a coci sai uwarta ta danne mata gwiwa. Da safe tana gidan burodin kawunta a Providence tana soya malasada, wani irin fanke, tana barbaɗa musu sukari. Rana na karkatawa sai tsohuwar masaƙar da suka mayar wurin kiɗa, ita da Curtis Lapointe mai ganga. Su biyu ne ƙungiyar, amma in suka fara sai ka rantse jirgin ƙasa ne ya shigo ɗaki. Maƙwabta sun kira 'yan sanda har sun gaji.

Gwanintarta tsuwa ce. Duk mai jita gudun wannan siririyar ƙarar yake, wadda ke tashi in jita ta kusanci lasifika. Ita kuwa farautarta take. Sai ta manna jitar a jikin lasifika, ta karkata, ta ja baya, har ƙarar ta miƙe yadda take so. Wanda bai sani ba zai ce na'ura ce ta lalace, amma masu irin wannan kiɗan suna raba tsuwa mai daɗi da ta banza, har faɗa ake a kai.

Akwai abin da ta ɓoye. Tun sanyin bara kunnenta na hagu ya fara tsuwa da kansa, ba jita ba lasifika. Likita ya ce ta ajiye kiɗa ko ta rasa na daman ma. Ta ce to, ta fito ta wuce masaƙa. Shiru ya zama abokin gabarta: fanka a kunne, rediyo a kunne, ita kuma tana zagaye ɗaki. Curtis ne abin tsoronta. Ubansa ya kurmance a aikin masaƙa, kuma Lorna ta san ranar da ya ji labarin nan, ƙungiya ta watse. Burinta a gama faifansu tukuna, in ya so daga baya a ga abin da za a yi.

Ranar da ake daidaita sautin waƙar ƙarshe a situdiyon Wendell Oakes, ta kasa zama. Ta je taga, ta dawo, ta ɗauki kofi ta ajiye.

"Malama, ki nemi kujera," in ji Wendell. "Kin kusa cinye min kafet."

"Rabu da ita," Curtis ya ce. "A tsaye aka haife ta."

"Kai dai ji da sandunanka, sarkin hayaniya."

Tef na tafiya, ganga ta lafa, jita ta ɗauka. Lorna ta juya musu baya, ta rufe ido, ta ɗaga yatsa.

"Yawwa, nan. Wannan siririyar ta sama. Wendell, in ka taɓa ta ni da kai ne. Ita ce waƙar gaba ɗaya."

Ta ƙara ɗaga yatsa, ido a rufe.

"Ba ku ji ba? Ga ta nan har yanzu."

Ta waiwayo. Hannun Wendell na kan maɓalli, tef a tsaye. Ashe tun kafin ta buɗe baki ya tsayar da shi. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

"Tun yaushe?" Curtis ya tambaya.

"Tun yaushe me?"

"Lorna, kar ki raina min hankali."

"Tun bara."

Sai ya tashi ya ɗauki jitarta, shi da bai iya riƙon ta ba.

"Yi min tsuwar da baki."

Ta yi. Ya matsa kusa da lasifika, ya ja baya, tana cewa sama, ƙasa kaɗan, kai wane irin kunne ne da kai, har ta ce ita ce. Wendell ya ɗauka, ya ɗora a wutsiyar waƙar. Tana nan a faifan, kuma masu saye sun fi yabon wurin.

Da suka fito, Curtis ya shiga loda ganguna a mota. Lorna tana ta zagaye motar tana zuba: bangon faifai, wasan da za su yi a Boston, sabuwar waƙar da ke kanta.

"Jibi a masaƙa ke nan," ta ce. "Kar ka makara."

Ya rufe bayan mota, ya goge hannu a wando.

"Gida zan kai su, 'yar uwa. Kunne ɗaya na taya ki kashewa ban sani ba. Ɗayan kuma sai dai ki nemi wani mai gangar."