Abin da Inna Ta Gani Wurin Wanka

Ƙanwata aka samu da ƙullutu a nono, ni kuma aka bari da zirga-zirga. Likitar da ta duba ta a Sakkwato ta ce akwai ciwon dajin da ake gado, naman nono ya fara sauyawa a ɓoye tun kafin hannu ya ji komai. Ta tambaye ni me ya kashe mahaifiyarmu da kakarmu. In shi ne, to ni ma sai an duba ni, da 'ya'yana mata uku.

Na yi tsuru-tsuru. Mu dai abin da aka gaya mana muna yara shi ne "ta yi jinya". Jinyar me? Oho.

Washegari na hau bas daga Boɗinga zuwa Shagari wurin Inna, ƙanwar mahaifiyarmu, don ita ta yi musu wankan gawa su biyun. Na tarar tana shanya lawashi. Sai da ta gaishe da kowa a gidanmu, har da akuyata, sannan ta bar ni na yi tambayata.

"Abin da munka gani wurin wanka ba a hwaɗi," in ji ta. "Amanar mamaci ce."

Haba Inna! Gulma na zo yi? Na lallaɓa, na roƙa, na haɗa ta da Allah, ta miƙo mini fura. Na ce abin kunya aka hana tonawa, ba ciwo ba. Ta ce ashe na zama malama ba ta da labari. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauki mayafina na ce, "Shi ke nan. In ƙanwata ta mutu ke za ki wanke ta, sai ki haɗa amanar ta zama uku."

Ban kai zaure ba ta cafko ni, ta ja ni ɗaki. Ta cusa hannuna ƙarƙashin rigarta. Abu na ji tauri kamar dutse, ya kai ƙwan zabo.

"Wanga nawa na, shi ina iya hwaɗi," ta ce. "Irin nasu na. Tun damanar bara."

"Tun bara, Inna? Kika yi shiru?"

"To wa ya tambaye ni?"