Tukunyar Irin Tabawa

Tabawa maginiyar tukwane ce daga ƙasar Adar. Farin shekarar tamanin da huɗu ya koro ta Yamai da jikoki uku, ta sauka kusa da mu a unguwar Kirkissoye. Ba ta da fara'a, ni ma ba ni da ita, sai muka shaƙu.

Cikin kayanta akwai wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Irin gero ne a ciki, cakuɗe da toka don ƙwari, na ƙarshe daga gonar mijinta marigayi. In aka ci shi, ko ruwa ya dawo ba ta da abin shukawa.

Jar dawar da sojoji ke rabawa ba ta kai ko'ina. Yaran suka fara kewaya tukunyar da ido. Ran nan na tarar da Tabawa da kanta tana ƙwaƙular lakar da farce. Na ji tsoro ƙwarai.

Washegari ta ɗora ta a ka, na raka ta unguwar Lamorde wurin Mushe Harouna, wato Malam Harouna, malamin jami'a mai tara tsofaffin tukwane da turame yana nazarinsu. Mu dai muna ce masa mai sayen tarkace.

"Mushe, an ce abin da ya shiga ɗakinka ba a taɓawa?"

"Haka ne, Inna."

"To riƙe mini. Ko na zo ina kuka, kada ka ba ni sai ruwa ya sauka."

Ya tambaye ta yadda ake liƙin. Har azahar tana yi masa bayani, wai ita marar magana!

Ta kuwa koma da kukan, lokacin da ƙaramin jikan ya kwanta ciwo. Mushe ya hana ta. Ta zage shi tas. Da yamma sai ga shi da garin masara daga gidansa, haka ya yi ta kawowa har yaron ya tashi.

Da ruwan farko ya sauka, ta fasa lakar a gaban Mushe. Ta tauna ƙwaya ɗaya, ta ce da ransa. Ta juye irin a zane, za ta koma Adar.

"Tukunyar fa, Inna?"

"Taka ce. Amma ka rubuta cewa ba a ci ba."