Ranar da Oga Ya Yi wa Kwamfuta Tiyata

Ranar da Oga ya yi wa kwamfutarmu tiyata ba za ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku tarar da ita ba, shi ya sa zan ba ku labarin.

A lokacin ni ne mai tace bidiyo a wani ɗan shago a Haɗeja. Daga ni sai mai shagon, Oga Alhaji Sabo, amma ya sa an rubuta Manajan Darakta a ƙofar ofishinsa, ofishin da labule ne ya raba shi da nawa. Kwamfutar kuwa, da hannuna na harhaɗa ta. Manhajar da ke tafiyar da ita ta wani kamfani ce da bai yarda a ɗora ta a kan injin da ba shi ya ƙera ba, sai da na yi ta lallashi da dabaru kafin ta zauna. Tsiyarta ɗaya: katin hoto, wato abin da ke aika hoto zuwa sikirin, idan ba wanda ta sani ba ne, ko gaisawa ba za su yi ba.

Masuntan wani ƙauye a Kirikasamma suka ba mu aiki. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta fadama, ta toshe musu hanyar ruwa, kifi ya yi ƙaura, shinkafa ta nutse. Wasu baƙi masu aikin agaji za su zo, ana so su ga ɓarnar a majigi, ko a samu a yashe hanyar. Ana gobe za su iso na leƙa Baturiya ƙaro hotuna. Da na dawo na tarar da Oga a durƙushe, sukudireba a hannu, cikin kwamfuta a buɗe. Wani ƙaton kati mai fanka uku yana ta walƙiya kamar motar amarya. Sikirin kuwa baƙi ƙirin.

"Daga Kano na aiko aka sayo," in ji shi. "Mai shagon ya rantse babu injin da ba ya ɗauka. Na hura masa iska, na yi masa tofi, na ɗan mare shi, shiru."

Na ce, "Oga, ina tsohon?"

Ya sosa ƙeya. Ashe ya yi kyauta da shi ga Ɗanliti, ƙanen matarsa, mai gidan gem a bayan tasha.

Muna cikin haka sai ga Sarkin Ruwan ƙauyen, dattijo da jakar bandar kifi, ya zo karɓar bidiyonsa. Ya daɗe yana kallon baƙin sikirin, sannan ya ce, "Ɗana, da duhu kuka ɗauka?"

"Baba, hutawa take yi."

"To, ni ma bari in huta." Ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa.

Na cire sabon katin, Oga ya naɗe shi a cikin babbar rigarsa, na goya shi a babur. A gidan gem muka tarar an riga an dasa tsohon katinmu, matasa sun cika ɗakin ana wasan ƙarshe na gasar ƙwallo. Ɗanliti ya ce, "Yaya, kyauta ai ba ta komawa. Kuma in na kashe injin nan yanzu, gawata za ku ɗauka." Haka Manajan Darakta ya zauna a kan benci yana addu'ar kada a kai ga bugun fanareti. Aka kai. Shi ya fi kowa ihu da mai tsaron gida ya kama ta ƙarshe.

Da Oga ya buɗe riga Ɗanliti ya ga fanka uku, nan take ya manta da hukuncin kyauta. Injinsa manhajar kowa da kowa yake amfani da ita, don haka sabon katin ya tashi ba gardama. Muka dawo da tsohon, na karkaɗe masa ƙura na mayar. Kwamfuta ta yi tari, ta yi tunani, sai ga Sarkin Ruwa a sikirin tsaye cikin kwalekwale. Dattijon ya leƙo ya ce, "Ashe haka na tsufa?" Kafin magariba ya hau mota da bidiyonsa. Baƙin sun kalla, daga baya kuma aka turo injin yasa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a sana'ar nan ba mugu ne ke kashe maka aiki ba. Yawanci mai ƙaunarka ne, wanda ya ga kana shan wahala ya ce bari ya taimaka. Irinsa ba a yi masa faɗa. Ka gode masa, ka ba shi kujera mai kyau, sannan ka saya wa kwamfutarka kwaɗo.