Ranar da Ɗelu Ta Hana Kod

Duk wanda ya zauna Madarumfa a shekarun casa'in ya san Ɗelu ta Inusa mai taru. Doguwa ce, baƙa, kullum tana tafiya da sauri kamar an aike ta. A Gabi aka haife ta, amma a bakin tafki ta girma, tana taya uwarta gyaran kifi. Ubanta bai sa ta lakwal don ya ga amfanin boko ba. An ce kowane gida ya ba da ɗa guda, shi kuwa ba zai ba da namiji ba alhali taru na jiran hannu. Ta kai kwaleji, ta faɗi jarrabawa, ta tafi Maraɗi wajen gwaggonta ta koyi buga takarda da inji. Da ta dawo, ƙungiyar masunta ta ɗauke ta sakatariya.

A 1995 kifi ya yi ƙaranci, har aka ƙayyade jiragen da za su shiga ruwa: ɗari da ashirin, kowane da katinsa. Wanda ba shi da kati ba ya jefa taru. Wani furoje na taimakon masunta ya kawo wa ƙungiyar ordinatar, wato kwamfuta, tare da wani ma'aikaci daga Yamai, Habibu, mai yawan gumi da yawan bayani. Ya ce a cikin injin akwai rajista biyu. Ta farko sunayen masunta ce. Ta biyu sunayen masu aikin biro ce, wato ofishin ƙungiyar, kowa da abin da aka yarda ya taɓa. Duk wanda ya zauna gaban injin sai ya buga kod ɗinsa, wato lambarsa ta sirri, injin ya duba rajista ta biyu ya ga ko yana da izni. In ba shi da shi, ko sarki ne, sai ya yi masa ƙara ya ƙi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Maman, aka ba shi ikon neman a saka suna ko a cire. Adamu mai kula da sito aka ba shi buga kati. Tabbatarwa kuwa, wadda in babu ita suna ba ya shiga ba ya fita, sai ta faɗo wa Ɗelu. Dalili kuwa abin dariya ne. A rajistar akwai Alhassan goma sha ɗaya, bakwai daga ciki an rubuta musu haihuwa "wajen 1960", kuma ita kaɗai ke iya bambanta su, don ta san uwar kowa da jirgin kowa. Habibu ya ƙara da cewa injin ba ya yarda mutum ɗaya ya riƙe nema da tabbatarwa tare, kuma duk wanda ya tabbatar da abu, sunansa na nan rubuce kusa da abin.

Mu kuwa a garin nan ba haka muka saba ba. Makulli na babba ne. In dattijo ya miƙo hannu, sai ka duƙa ka sa masa, ba ka tambayar me zai buɗe. Hatimin ƙungiyar ma yawo yake daga aljihu zuwa aljihu. Shi ya sa Alhaji Maman ya ɗauki zancen kod a matsayin surutun 'yan boko, ya ce a yi yadda Habibu ya ce, shi dai a ba su injin.

Shekara guda aka yi lafiya. Sai bayan girbi, masunta da dama suka tsallaka Najeriya cin rani yadda suka saba, cikinsu har da Alhassan na Hasana, ɗan wata tsohuwa da ba ta da kowa sai shi. Wata huɗu ba labarinsa. A daidai lokacin ne surukin Alhaji, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya sayi jirgi sabo yana neman gurbi, gurbi kuwa babu.

Wata Talata da hantsi Alhaji ya shigo biro, ya sa Adamu ya nuna masa inda zai danna, ya nemi a cire Alhassan na Hasana. Injin ya karɓa, ya tsaya jiran Ɗelu.

"Ɗiyata, zo ki tabbatar muna da wanga," in ji shi.

Ta duba, ta ga sunan. Alhaji kuwa abokin marigayi ubanta ne, shi ya tsaya mata a wajen aure.

"Baba, ai Alhassan cin rani ya tahi. Bai mutu ba, bai sai da jirgi ba."

"Wa ya gan shi? An ce ya zauna can."

"Wa ya ce? Jiya na ga Inna Hasana tana ɗinke mishi taru."

Alhaji ya yi murmushin da manya ke yi in yaro ya yi shirme. Ya miƙo tafin hannu.

"To, ba ni kod ɗin, in hutar da ke. Ba ruwanki."

"Da ruwana, Baba. Sunana za shi hito. Ka aike ni garin Sarkin Yamma da ƙafa, in tahi yanzu. Wannan kam ba ni badawa."

Adamu ya sunkuyar da kai yana lalube cikin kwali, kamar ya ɓatar da wani abu. Alhaji ya daɗe da hannu a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu ya fita ba sallama.

Kafin la'asar gari ya ɗauka: ɗiyar Inusa ta bar hannun dattijo a sama. Ba wanda ya tambayi me aka nemi ta yi. Aka turo mata liman, aka turo kawunta. Uwarta ta yi kuka, ta ce ta zubar musu da mutunci. Wannan ya yi wa Ɗelu ciwo ƙwarai, ta yi nata kukan a ɗaki, ta wanke fuska, ta koma aiki. Kowace safiya injin na nuna mata sunan Alhassan yana jira, kowace safiya tana danna "a'a".

Da Alhaji ya gaji, sai ya sa aka kira Habibu daga Yamai. Habibu ya share gumi, ya ce shi umarnin kwamitin ƙungiya yake bi. Minti biyar bai yi ba ya cire Ɗelu daga rajista ta biyu. Ta buga kod ɗinta don ta gani da idonta, injin ya yi mata ƙara ya ƙi. Alhaji ya ce a ba shi tabbatarwar, Habibu ya ce ba ya yiwuwa, mai nema ba ya tabbatarwa. Sai aka ɗora wa Adamu.

Ɗelu ta ɗauki gyalenta. A bakin ƙofa, inda masunta ke zaune a inuwa, ta juyo ta ɗaga murya.

"Malam Adamu, Allah ya taya riƙo. Ka dai san duk wanda ya share Alhassan, injin na rubuta sunanshi da rana da awa. In Inna Hasana ta tambaya, a hiddo mata takarda."

Adamu ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Hasana. Ranar farko ya ce ya manta kod. Mako na biyu gurup ɗin da ke ba su wuta ba mai. Na uku ciwon ido ya kama shi, ya ɗaure fuska da rawani. Alhaji ya nemi wani ya karɓa, kowa ya ce shi bai iya inji ba. Mutanen da suka zagi Ɗelu a kasuwa, ba ɗaya da ya yarda a rubuta sunansa kusa da na Alhassan. Surukin ya gaji, ya sayar da jirginsa.

Ɗelu ba a mayar da ita ba, ita ma ba ta je ban haƙuri ba. Ta sayi tsohon injin buga takarda, ta kafa tebur ƙarƙashin dogon yaro a bakin tasha, tana rubuta wa mutane wasiƙa da takardun neman aiki. Abin da take samu bai kai rabin albashinta na da ba.

Ruwan farko ya sauka, Alhassan ya diro daga mota da jakarsa da rediyo sabuwa. Bai ji komai ba tukuna. Ya gan ta a bakin teburinta tana kare takarda daga iska, ya tsaya yana girgiza kai.

"Ɗelu, ke ce nan? Kin bar biro mai fanka kin dawo bakin tasha? Wallahi kin yi wauta."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariya har da hawaye.

"Na yi kam," ta ce. "Tahi ka gaida Inna, sannan ka je Adamu ya sabunta ma kati. Alhamis za a buɗe ruwa."