Hoton Kawu a Jikin Kwalbar Maganin Tari

Shekara bakwai ke nan da muka binne kawuna, Malam Idi, mai sayar da citta da kanumfari a kasuwar Malanville. A gidanmu har yau cewa ake yi sanyin kogi ne ya kama shi. Ina so in faɗi abin daidai: tarin tibi ne, gwajin kaki ya tabbatar, sai dai ba a yi gwajin ba sai da jini ya fara fita.

Kawu bai taɓa kiran kansa mai magani ba. Abin da na gani da idona shi ne, in ɗan kabu-kabu ya zo murya a shaƙe, yakan haɗa masa citta da masoro, ya ce ya ƙara zuma da lemun tsami. Ga tarin mura wannan yana sanyaya maƙogwaro, ban musa ba. Kuskurensa shi ne ya riƙa shan wannan haɗin wata da watanni, yana ramewa, yana cewa damina ce.

Yau ɗansa Sani, taubashina, yana zagaya ƙauyukan Garou da Guéné a kan babur da lasifika, yana tallar wata kwalba mai hoton Kawu. Wai tana maganin mura da asma da tarin shiƙa, har da tibi. Hoton mutumin da tari ya kai kushewa! Me Kawu zai ce da wannan? Ba zan sa wa mamaci magana a baki ba. Na dai san ko yajin da ya kwana biyu ba ya sayarwa sai ya gaya wa mai saye.

Da na yi shiru, ba don Inna Hajara, mahaifiyar Sani, ta fara tari tun lokacin cirar albasa ba, kuma kwalbar nan ake ba ta. Na same shi a rumfa na ce, "Sani, Inna na bukatar gwaji."

"Jama'a, ku zo ku gani! Bawana ya gama jami'a ya komo shina tsoron citta."

"Ba wasa nike ba."

"To, lokotoro, babban likita, zamna in ɗura maka murfi guda."

Rumfa ta kwashe da dariya. Wannan ita ce masifar: duk abin da taubashi ya faɗa, wasa ne. Dole na kai maganar ga mahaifiyata, gwaggonsa, wadda babu wasa tsakaninsu. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta yafa mayafi ta kai Inna asibiti. Tibi ne, amma an ce an zo da wuri.

Me ya rage na Kawu? Ba kwalbar ba. Matarsa ce, da ke haɗiye ƙwayoyinta kowace safiya, da hantsi kuma ta dafa citta yadda ya koya mata, tana mitar ba ta kai tasa yaji ba. Sani ya daina ambaton tibi a lasifika. Hoton kam, bai cire ba tukuna.